Kafin Ka Ce Birki Lafiya, Buɗe Dram

A Kamba da wuya ka ga motar haya ta bar tasha da nauyin da kamfani ya yanka mata. Golf ɗin da aka ƙera wa mutum biyar sai ta kwashi takwas, but a buɗe an ɗaure da igiya, buhunan shinkafa a ciki, jarka da kaji a sama. Hayis mai zuwa Birnin Kebbi ta Bunza da Kalgo, da akori-kurar da ta nufi Dole Kaina, duk bayansu a zaune yake, gabansu a ɗage. Haka abin yake a ɓangaren Bagudo, daga gadar Tuga zuwa Ka'oje, Illo, Lolo da Tsamiya. Ba zan ɓata bakina a kan lodi ba, don tsadar fetur ta riga ta fi ni hujja a wurin direbobi. Abin da nake so mu tsaya a kai, ku ƙannena masu koyon kanikanci da ku da kuka fara riƙe sitiyari, shi ne ƙarfen da ke shan wahalar wannan lodi a ɓoye, wato birkin baya.

Dalilin da ya sa ake mantawa da shi a fili yake. Birkin gaba na yawancin motoci na faifai ne, da ka cire taya sai ga fad a gabanka, ka ga ya ci ko bai ci ba. Na baya kuwa, a Golf ƙarama da Starlet da Corolla da yawa, da Hayis da Hilux da J5 da fijo 504 akori-kura, a rufe yake cikin wani ƙarfe mai kama da kwanon da aka kife, wanda makanikai ke kira dram. Ba abin da ido zai gani sai an buɗe. Ga shi kuma idan mota ba kaya, ƙafafun gaba ne ke yin mafi yawan aikin tsayawa, don da an taka birki nauyi gaba yake zubowa. Shi ya sa direba zai fito daga gareji shi kaɗai a mota, ya taka, ta tsaya cak, ya ce birki lafiya lau, alhali na baya ya daɗe da mutuwa. Sai an loda ta nauyi ya koma baya sannan ake neman aikinsa. Hilux da Hayis ma har wani bawul gare su a ƙarƙashi, mai ƙara wa ƙafafun baya ƙarfin birki gwargwadon yadda bayan motar ya zauna. Ke nan ranar da birkin baya zai ba ka kunya ita ce ranar da motar ke maƙil da mutane.

Wani zai ce ai ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba mu da gangaren Jos ko na hanyar Mambila. Haka ne. Amma mu abin da ke kashe mu a hanya ba-zata ce. Garken shanu ya ɓullo daga gona, jaki ya tsaya tsakiyar kwalta ya ƙi gaba ya ƙi baya, mai babur ya faɗo titi bai duba ba, ko ka sha kwana ka tarar da shingen jami'ai. Mota mai gudun kilomita 80 a awa, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta ba motar haya a babban titi, tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin ƙafarka ta bar totur ta sauka kan birki ka riga ka ci wannan tazara ko fiye. Sauran kuma na ƙarfe ne. Idan nauyi ya ninka, aikin birki ya ninka, idan gudu ne ya ninka, aikin ya ninka har sau huɗu. Duk wannan aiki zafi yake komawa, kuma dram in ya yi zafi buɗewa yake yi, yana nisantar abin da zai kama shi daga ciki, sai ka ji feda tana ta nutsewa mota ba ta da niyyar tsayawa.

Abin da ke ciki ba shi da yawa. Shu ne guda biyu, ƙarafa masu lanƙwasa, kowanne an manna masa ko an kafa masa wata fata mai tauri a baya, ita ce lainin. A sama tsakaninsu akwai 'yar silinda mai fistin biyu. In ka taka feda, masta ta turo mai ta bututu, fistin ya tura shu su buɗe su dafe cikin dram. In ka ɗaga ƙafa, sifirin ya jawo su su koma. Akwai ajasta mai matso da su kusa da dram yayin da lainin ke cinyewa, akwai kuma kebul ɗin birkin hannu da ke jan shu ɗin nan dai ba tare da mai ba. Tsohuwar dabara ce, tun 1902 Louis Renault na Faransa ya fito da ita, kuma har yau kamfanoni ba su yar da ita ba saboda tana da araha, tana riƙe birkin hannu da kyau, kuma rufinta na kare ta daga datti. Sai dai rufin nan shi ne kuma aibinta a wurinmu: abin da ya samu ya shiga, yashi ne ko laka ko ruwan fadama, ba ya fita da sauƙi.

Shekarun nan motocin yankinmu sun sha wuya ta inda ba kowa ke lissafawa ba. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Kamba ba sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. A tsakanin nan wasu motoci sun yi watanni a kafe, damina ta same su a wurin, fistin ya yi tsatsa, kebul ya ƙame, shu ya manne da dram. Wasu kuma suka bar kwalta suka koma hanyoyin daji, cikin rairayi da kwazazzabai. Ana cikin haka aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, naira ta faɗi, kayan gyara suka yi tashin gwauron zabi. Mai mota ya koma gyara abin da zai hana motar tafiya kaɗai, birkin baya kuwa ba ya hana tafiya, tsayawa yake hanawa. Ka haɗa wannan da cewa yawancin motocin nan tsofaffi ne tun ranar da suka sauka a Kwatano, ba wanda ya san shekarar da aka yi wa dram ɗinsu buɗewar ƙarshe.

Alamomin kowa ya san su: feda ta yi nisa ko sai an yi mata famfo, birkin hannu ya tashi har ƙarshe mota na gangarawa sai yaron mota ya sa waigi, ƙarar ƙarfe na gugar ƙarfe daga baya, mota na fizga gefe in an taka, mai na raguwa a kofin masta, ko jiƙa a bayan taya. Kada ka jira su. Fad ɗin gaba da yawa suna da ɗan ƙarfen da ke kuka don gargaɗi, shu ba shi da wannan, duk ƙarar da ka ji daga gare shi ɓarna ta riga ta fara. A ganina motar da ke lodi kullum a hanyoyinmu, a buɗe dram ɗinta kafin damina, a sake buɗewa bayanta.

To, an kawo maka mota. Farkon aikin ba a taya yake ba, a ƙasa yake. Ƙasar Kamba rairayi ce, jak na nutsewa yana karkacewa. Nemi wuri mai tauri, ka shimfiɗa katako mai faɗi a ƙarƙashin jak, ka sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba, ka sassauta notinan taya tun motar na ƙasa. In ka ɗaga, ka tokare ta da ƙarfen tokari ko gungumen icce mai ƙarfi. Ban da bulo. Bulo ba ya gargaɗi, rugurgujewa yake yi gaba ɗaya, kuma ƙafarka ko kanka ne a ƙarƙashi. Sannan ka sauke birkin hannu, in ba haka ba ka wuni kana dukan dram bai fito ba.

Ko an sauke, sau da yawa dram na ƙin fitowa, saboda shu ya ci cikinsa ya bar masa leɓe a baki. Nan ne yara ke ɗauko babbar guduma da ƙarfen ɓamɓara, su lanƙwasa farantin baya, su fasa dram, a yi gyaran gangar Auzinawa. Hanyar ita ce a mayar da ajasta baya shu su tsuke. A motocin Toyota da yawa akwai 'yar kafa a farantin baya da aka toshe da roba, ta nan ake zura sukundireba, kuma a fuskar dram akwai huji biyu masu zare da za ka ɗaura kusoshi masu kaurin milimita 8, kana juya su bi da bi suna turo dram waje. Golf kuwa dram ɗinta haɗe yake da boris: sai ka cire hula, ka zare fin, ka kwance noti, sannan ka zura sukundireba ta hujin kusar taya ka ɗaga 'yar ajastarta sama. Boris ɗin in ya fito ka ajiye shi a tsumma mai tsabta, kada ya taɓa yashi. Kuma ka gaya wa duk wanda ke kusa, musamman mai motar da ya saba zama a kujerarsa yana danna waya, cewa kada ƙafarsa ta kusanci feda muddin dram na waje. Taku ɗaya ya isa fistin ya faɗo, mai ya zube, iska ta shiga.

Da dram ya fito za ka ga baƙar ƙura ta cika ko'ina. A nan zan ɗan daɗe, don wannan lafiyarka ce kai kanka, ba ta fasinja ba. Al'adar gareji ita ce a busa da baki, ko a jawo tiyon mai faci a hura, ƙura ta tashi ta turnuƙe kowa ya shaƙa, har da mai shayin da ke gefe. Tun farkon ƙarni na 20 ake haɗa lainin da wani ma'adini mai suna asbesto saboda yana jure zafi. Daga baya aka tabbatar cewa zaruruwansa in sun shiga huhu ba sa fita, suna jawo ƙamewar huhu da ciwon daji, kuma ciwon ba ya bayyana sai bayan shekara ashirin ko talatin. Tarayyar Turai ta haramta shi gaba ɗaya a 2005, amma ba duk ƙasashen da ke ƙera kayan da ke zuwa kasuwarmu ne suka haramta ba, kuma kwali ba kullum yake faɗin abin da ke ciki ba. Ko babu asbesto ma, ƙurar ƙarfe ba abincin huhu ba ce. Kai da ke da shekara goma sha bakwai yau, lissafa ka ga shekarunka nawa lokacin da abin zai taso: daidai lokacin da 'ya'ya ke makaranta. Maganin ba ya cin kuɗi. Ka tara kwano a ƙasa, ka jiƙa wurin da ruwa mai ɗan sabulu ko maganin fesawa na wanke birki, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma, ka rufe hanci, ka wanke hannu kafin ka sa shi a kwanon abinci. Kayan aikin kuma kada a kai gida a kakkaɓe a tsakar gida. Fetur da kananzir ba su da wuri a nan, suna kumbura roba.

Kafin ka taɓa sifirin ko ɗaya, ɗauko waya ka ɗauki hoto, na kusa da na nesa. Kuma ka buɗe dram biyun, amma ka kwance gefe ɗaya kawai, ɗayan ya zame maka abin dubawa har ka gama. Masu shekara talatin a sana'ar ma suna haka, ba abin kunya ba ne.

Yanzu sai kallo. Sabon lainin na ƙaramar mota kaurinsa kan kai milimita 4 zuwa 6. Toyota ta sa iyakar ƙarshe a milimita 1 a ƙananan motocinta da yawa, wasu kamfanonin sun fi haka tsanani. Wannan iyaka ba da lodin Kamba aka yanka ta ba. Ni dai in na ga ya kusa milimita 2 a inda ya fi cinyewa, canji zan ce a yi. In mai ribiti ne, kada a bari kan ribitin ya kusa fitowa fili. Kada ka yi mamaki in ka ga shu ɗaya ya fi ɗan'uwansa cinyewa, juyawar dram ce ke jan ɗayan tana ƙara danna shi, haka aka yi abin. Amma in ƙafar hagu ta cinye ta dama na nan sabuwa, to ta daman ba ta aiki, nemi dalili. Dram ma yana da iyaka, an rubuta ta a jikinsa. Na Corolla da yawa faɗin cikinsa milimita 200 ne yana sabo, iyakarsa 201. Milimita ɗaya tak. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, to a nan bai sani ba, sai da ma'auni. Dram ɗin da ya tsage, ko ya yi zurfin kwari, ko ya wuce iyakarsa, sabon shu ba zai cece shi ba.

Sai silinda. Ɗaga bakin robarta da yatsa ka leƙa. In a bushe take, ka tura fistin a hankali ka ga yana motsi ta gefen biyu. In ka ga mai, ta mutu. A motoci masu ja da baya, irin su Hilux da Hayis, wani lokaci man giyar aksul ne ke tsiyayowa ta sil ɗin da ya lalace, ana gane shi da kauri da wari. Ko wanne ne, lainin da ya sha mai ya tashi daga aiki. Ƙona shi a wuta ko wanke shi da fetur ba ya fitar da man, da ya yi zafi zai sake tsattsafowa. Kuma sa sabon shu ba tare da an toshe inda man ke fitowa ba asarar kuɗin mai mota ce.

A daidai nan ne ake gwada mutum. Ka je kusan kowane gareji da yammacin jajibirin kasuwa ka zauna. Direba zai shigo a gaggauce, ya tsuguna kusa da mai garejin ya rage murya.

"Maigida, ƙafar hagu ce ke zubar min da mai. Don Allah a ɗan kashe min ita in yi lodin gobe, jibi in Allah ya kai mu sai a gyara gaba ɗaya."

Mai garejin ya dube shi, ya dubi rana, ya ce da yaronsa, "Kai, miƙo guduma."

A ƙwanƙwasa bututun ya lotse, ko a kwance shi a cusa ƙusa a bakin a mayar a ɗaure. A cika kofi da mai, in babu ma wani ruwan Omo zai zuba. Feda ta yi tauri, direba ya taka ya yi murmushi, ya ce Allah ya saka da alheri. Jibin nan kuwa ba ta zuwa, don feda ta daina damunsa. Motar ta koma tsayawa da ƙafa uku. In ya taka a hankali ba zai ji komai ba, ranar da ya taka da ƙarfi da lodi a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, gefen da ke kamawa zai fizge motar, bayanta ya nemi wuce gabanta. Ruwan Omo kuma yana tafasa da wuri ya zama tururi, tururi ba ya tura fistin, ga tsatsar da zai bari a masta da silinda duka.

Na san yaron gareji ba shi da ikon hana maigidansa, kuma ba na koya muku raina na gaba. Amma akwai magana ta ladabi da ke sauya aiki. "Maigida, ko in ruga shago in dubo silindar? In akwai, kafin magariba mun ɗaura." Sau da yawa abin da ya hana a yi daidai ƙyuyar tashi ce kawai, kuma kuɗin silindar ƙafa ɗaya bai kai abin da direban zai samu a lodi ɗaya ba. In an ƙi, ka riƙe a ranka cewa ranar da ka buɗe naka wurin wannan aikin ba za a yi shi da hannunka ba. Za ka rasa wasu direbobi, babu shakka. Amma mutanen da ke cikin motar ba su san an yi wannan ciniki a kansu ba, ba a kuma shawarce su ba, haƙƙinsu na kan wanda ya riƙe gudumar kamar yadda yake kan wanda ya roƙa. Kai kuma sabon direba, kada ka sa dattijon makanike a tsaka mai wuya da irin wannan roƙo. In kuɗin gyara bai samu ba, kwana ɗaya ba lodi ba ya kashe mutum.

Wajen sayen shu, tafi da tsohon a hannu. Mota iri ɗaya tana iya zuwa da birki daban gwargwadon ƙasar da aka ƙera wa ita, a dangin Golf kaɗai akwai dram mai faɗin milimita 180 akwai mai 200. Ɗora sabon a kan tsohon ka ga lanƙwasa da huji da faɗi sun dace. Kayan da ke shagunanmu daga Ƙofar Ruwa ta Kano suke zuwa, ko daga Anaca da Legas, wasu ta Gaya da Malanbil, kuma a kwali iri ɗaya akwai na ƙwarai akwai jabu. Duba gefen lainin ka ga ya manne ko'ina ba kafa, ka karce shi da farce ka ga ba ya marmashewa. Wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa, akwai dalili. Manyan motoci ana sake musu lainin da ribiti, wannan sana'a ce sananniya kuma daidai ce in an iya. Amma shu na ƙaramar mota da zafi da matsi ake manna shi a masana'anta. Wanda aka shafa wa gam a bakin titi aka ɗaure da roba ya kwana, ranar da ya yi zafi ɓallewa zai yi a cikin dram, ko birki ya tafi ko taya ta ƙulle. Kuma saiti ake saye, shu huɗu na ƙafa biyu. Ba a canja gefe ɗaya.

Haɗawa ba ta da wuya ga mai natsuwa. Ka danna fin ɗin da ke riƙe shu ka juya su fita, ka cire sifirin da filaya fuskarka a kauce, ka zare kebul, ka ɗaure fistin da zoben roba kada ya zamo. Goge farantin baya, wuraren nan da shu ke gogawa ka shafa musu giris mai jure zafi ɗan kaɗan, kada ko ɗigo ya taɓa lainin ko cikin dram. Kwance ajasta ka wanke zarenta har ta riƙa juyawa da yatsa. Ajastar hagu da ta dama a motoci da yawa zarensu ba ɗaya ba ne, in ka musanya su sai su riƙa sassauta birki maimakon matse shi. In shu biyun ba su yi daidai ba a tsawo ko kaurin lainin, hotonka da ɗaya ƙafar za su nuna maka wanne ne na gaba. Sifirin da ya miƙe, ko ya yi tsatsa, ko zafi ya sauya masa launi, a sake shi. Wayar ɗaure kaya ba ta maye gurbinsa.

Bayan ka mayar da dram, ka matsa ajasta har ka ji shu ya fara shafar dram kaɗan in ka juya, ka taka feda sau da yawa su zauna a tsakiya, ka sake juyawa ka ji. Sai an gama wannan ake taɓa kebul ɗin birkin hannu. Masu gaggawa kebul ɗin suke ja su ɓoye nisan shu, sai birkin hannu ya yi kyau feda na nan da nisanta, shu kuma ya riƙa gugar dram a hanya. In boris ka kwance, ka sa masa giris, ka ɗaure shi daidai ba matsi ba lilo, ka sa sabon fin.

In an buɗe bututu ko an canja silinda, dole a fitar da iska, mutum ɗaya na taka feda ɗaya na buɗe nonon silinda, ana lura kada kofi ya ƙafe. Man da aka rubuta a murfin kofi shi za a zuba, DOT 3 ko DOT 4, daga gwangwanin da ba a daɗe da buɗewa ba. Man birki yana shan ruwa daga iska. DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155, shi ya sa kamfanoni da yawa ke cewa a sauya shi duk shekara biyu. Baƙin mai ko man giya in ya shiga ciki, duk robar da ke layin ta kumbura, sai an sake su kaf.

Gwaji kuma ba zagaya gareji ba ne. Ɗaure notinan taya ɗaya na tsallake ɗaya, ka sauke motar ka ƙara ɗaurewa, ka tabbata feda ta yi tauri kafin ka motsa. Nemi hanya mara mutane, ka kai kilomita 40 ko 50 ka rage a hankali, ka maimaita wajen sau goma kana ba shi sarari ya huce, don sabon lainin ya ɗauki siffar dram. Ka tsaya ka kai bayan hannu kusa da kowane wili ba tare da ka taɓa dram ba. In ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, akwai abin da ke riƙewa, a koma a buɗe. Ka ja birkin hannu a ɗan gangare ka ga ya riƙe ba da waigi ba.

Ku masu babur da Keke Napep kada ku ce ba da ku ake ba. Boxer gaba da baya dram ne, keke ma haka a ƙafafunsa uku. In kun ga an ɗaure notin sandar birkin babur har ya kai ƙarshen zare, ba ƙarin ɗauri yake so ba, shu ne ya ƙare. Kuma duk wanda ya ratsa ruwa da damina, mota ce ko babur, ya ɗan dafa birki yana tafiya a hankali har ya ji ya fara kamawa, don dram na riƙe ruwa kuma jiƙaƙƙen lainin santsi yake yi.

In ka gama, ka zuba tsofaffin shu huɗun a kwalin sababbin ka miƙa wa mai mota, ka nuna masa inda suka cinye da abin da ka gani a silinda da dram, ka faɗa masa abin da ka canja da abin da ka bari da dalilin bari. Ka ce masa kwanakin farko ya bi a hankali kada ya yi ta taka birki da ƙarfi in ba dole ba, kuma bayan mako guda ya dawo a sake duba ajasta da notinan taya, wannan dubawar ba sai ya biya ba.